Rasuwar Baturiya, Fijo 404 ta Malam Kyari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya tun ranar da abin ya faru, Malam Kyari Modu na unguwar Kwaciri, tsohon sufeton awo da ma'auni, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Fagge da Sabon Gari rasuwar motarsa, Fijo 404 fara, wadda aka fi sani da Baturiya. Ta rasu ranar Asabar, ashirin da shida ga watan Yuni, 1999, bayan la'asar, a ƙofar gida, tana da shekara ashirin da huɗu da 'yan watanni, bayan gajeriyar jinyar da ba ita ta nema ba.

Marigayiyar ta shigo ƙasar nan ta jirgin ruwa a farkon 1975, lokacin da ƙarin albashin Udoji ya sa kowane ma'aikacin gwamnati ya gano cewa tafiyar ƙasa ba ta dace da matsayinsa ba. Ta yi zamani da shugabannin ƙasa tara, bakwai cikinsu da kaki, ɗaya ma ya tafi ya dawo da babbar riga ya same ta inda ya bar ta. Ta yi layin mai har masu sayar da ruwa a gidajen mai suka san lambarta da ka. Ta sha fetur ɗin nan mai wari wanda ya kwantar da motocin da suka fi ta tsada. Ta tsaya a shingen sojoji sau ba adadi, an buɗe mata but, an zazzage, an rufe da ƙarfi. Duk wannan bai kashe ta ba. Mulkin farar hula ya dawo ranar wata Asabar, ta ba shi Asabar huɗu, ta tafi. Iyalai ba su ɗora wa gwamnati laifi ba. A wannan karon kaɗai, gwamnati tana da shaidar cewa ba ta wurin.

Waɗanda suka zauna da ita za su shaida cewa mai kunya ce. Ba ta taɓa mutuwa a ƙofar surukai ba. Idan faci ya zama dole, sai ta jira a iso kusa da mai faci. Giyarta a jikin sitiyari take, tana shiga da yatsa biyu. Hon ɗinta bai wuce gyaran muryar dattijo ba, wanda ke son a ba shi hanya ba tare da ya roƙa ba. Da safe kuwa magana uku take yi: kirr, kirr, sannan burum. Daga nan sai ta zauna a kan duf-duf-duf-duf, a natse, kamar dakan da ƙwararriya ke yi. Matan layin sun daɗe suna sanin lokacin tura yara makaranta da wannan sautin, kuma tun da ta rasu an sami ƙarin makara a makarantar firamaren unguwa, ko da yake ba a auna ba.

Hannun makanike ɗaya ta sani a rayuwarta, na Oga Augustine, mai gareji a gindin dalbejiya a cikin Sabon Gari. Yadda yake duba ta ba ya canzawa. Zai bar ta ta yi ɗumi, ya kanga tafin hannu a bakin salansa, ya shinshina hannun, ya kwance fulogi ɗaya ya dubi launinsa. Idan ya ga launin soyayyiyar gyaɗa, sai ya mayar. Sannan ya ɗora sukundireba a kan ɗan ƙaramin sukurun kafireto, wanda ke raba mata mai da iska, ya karkatar da kai kamar mai sauraron gulma ta bayan katanga, ya juya har muryarta ta daidaita. Daga nan sai ya ƙara mata ɗan mai kaɗan a kan abin da take buƙata. Wannan ƙarin yana kiran sa haƙƙin tsufa.

A jikin dalbejiyar akwai benci, kuma a kan bencin Malam Kyari ya ƙarar da Asabar ɗin shekara ashirin da huɗu, ko motar na da ciwo ko ba ta da shi. Augustine na kiran sa Sufeto, shi yana kiran sa Oga. Sun yi musu a kan kowane juyin mulki, ba su taɓa zama ɓangare ɗaya ba. Naman layya na zuwa Sabon Gari, shinkafar Kirsimeti na zuwa Kwaciri. Shekarar da gari ya rikice, Baturiya ce ta shiga ta ɗauko Bridget, matar Augustine, da 'ya'yanta uku, lulluɓe da mayafan Hajiya Yakaka, uwargidan Malam, suka yi kwana tara a Kwaciri. Ba a taɓa tayar da zancen a kan benci ba. An kawo shi nan ne don mai karatu ya san cewa abin da ya lalace a watan Yuni bai tsaya ga inji ba.

Jinyar ta faro ne daga ciwon kan Hajiya Yakaka. Duk lokacin da ta zauna a kujerar baya aka yi tafiya mai ɗan nisa, sai ta sauka da jiri da nauyin kai. 'Yarsu Sharifa, wadda ke aikin jinya, ta yi bayani cewa a cikin hayaƙin mota akwai wata iska, kabon monoksayid, ba ta da launi, ba ta da wari, tana shiga jini ta kwantar da mutum bai sani ba, kuma tana yawaita idan inji na shan mai fiye da iskar da zai ƙona shi. Ta ƙara da cewa akwai na'urar da ke auna ta. Da ta san wanda take gaya wa, da ta tsaya kafin wannan jimlar.

Malam Kyari ya yi shekara talatin da ɗaya yana zagaya Kasuwar Singa da ta Sabon Gari da akwatin duwatsun awo. Ya kifar da mudun da aka buga wa gindi, ya ƙwace sikelin da aka liƙa wa ƙarfe a ƙasa. Daga wannan aikin ya fito da imani biyu. Na farko, duk wanda ya ce maka idonsa ya saba, leƙa ƙarƙashin teburinsa. Na biyu, gwaji a bainar jama'a ake yin sa, don na gefe su shiga taitayinsu. Shekara biyu da ritaya, ba abin da ya auna sai sukarin shayinsa. Ga rediyo kullum tana cewa sabon zamani ya zo, za a buɗe komai a fili, kowa zai yi bayanin abin da aka ba shi amana. Sai ga labarin wani abu da ba a gani, wanda ake iya aunawa, wanda kuma ba wanda ya taɓa aunawa a cikin motarsa. Kwana uku ya yi yana yawo a rumfunan kayan gwanjo, har ya dace a wurin Okechukwu, mai sayar da tsofaffin kayan gareji na Turai. Wani akwati ne mai allura da dogon tiyo, da ɗan littafi da Jamusanci. Okechukwu ya faɗi gaskiya, ya ce shi bai san amfaninsa ba, cikin kwantena ya zo.

Asabar ta farko bayan miƙa mulki, Malam ya isa gindin dalbejiya da akwatin. Bencin a cike yake da direbobin tasi da masu jiran gyara. A yi masa adalci, bai tsallake ko mataki ɗaya ba. Ya bar motar ta yi ɗumi har allurar zafi ta kai tsakiya. Ya tabbatar cok, mai ƙara wa inji mai da safe, a kashe yake. Ya maƙala wayoyin na'urar a batir, ya bar ta minti goma tana shaƙar iskar Allah, ko abin da ya rage daga cikinta a Sabon Gari, don ta daidaita. Sannan ya cusa tiyon taƙi guda cikin salansa, ya miƙe, ya rungume hannu. Allura ta tashi. Uku, huɗu, biyar. Ta tsaya a biyar da rabi. A cikin littafin akwai jeren lambobi, su kaɗai Malam ke iya karantawa, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu ɗaya ne. A iya saninsa, lamba mafi ƙanƙanta ita ce ta masu gaskiya, sauran rangwame ne.

"Oga, zo ka karanta," in ji shi.

"Sufeto, hannuna da baƙin mai. Me ta ce?"

"Ta ce biyar da rabi. Littafi ya ce ɗaya."

"Littafin wace mota?"

"Littafin Jamus."

"To Jamusawan sun taɓa kai ta Haɗeja da bazara? Baturiya ce a takarda, Sufeto, a ciki Bakanuwa ce, ba ta shan miya ba mai. Ka rage mata, jikinta zai ɗau zafi. Ciwon kan Hajiya kuma ba a kafireto yake ba. Salansa ce ta huje a ƙarƙashin kujerar baya, tun daga kwana na jiyo ta. Kawo a hau rami, kafin ka gama shayi na liƙe."

A nan ne Malam Kyari, da muryar da ya yi shekara talatin da ɗaya yana amfani da ita a kan masu shinkafa, ya ce, "Shekara ashirin da huɗu kana auna mini da kunne. A Singa na ƙwace mudu a kan abin da bai kai wannan ba."

Wani direba ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da ita tari.

Malam ya karɓi sukundireba ya fara juyawa da kansa, kwata-kwatan zagaye, yana jiran allura bayan kowace juyawa. Huɗu. Uku. Biyu. Muryar marigayiyar ta fara ɗingishi: duf-duf, duf, shiru, duf-duf. Ya ƙara mata gudun tsaye don kada ta mutu a gaban mutane. A ɗaya da rabi ta ƙi sauka. Sai ya zaro daga aljihu abin da ya manta bai mayar wa ofis ba ranar ritaya, wato 'yar waya da darma da awartakin hatimi, irin wanda ake ɗaure sikeli da shi bayan an gyara don kada mai shi ya sake taɓawa. Ya ɗaure sukurun, ya matse darmar. Augustine ya tsaya yana kallon hatimin gwamnati a cikin injin da ya yi rainonsa.

"Tunda ka sa mata kwaɗo, Sufeto," in ji shi, "sai ka riƙe mukullin."

Ya rufe bonet da hannu biyu, a hankali, kamar yadda ya saba. Ya shige ƙarƙashin wata tasi, bai fito ba har Malam ya bar wurin.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila yau ba a rubuta wannan sanarwa ba. Amma a gida Malam ya gano cewa idan ya taka totur, allurar na sake hawa. Sukurun nan ikonsa a tsaye kawai yake. A kan gudu, mai na bi ne ta wani ɗan ƙarfe mai huda kamar ta allurar ɗinki, wanda makanikai ke kira jet. Ya koma kasuwa. Mai kayan gyara ya tambaye shi na wace mota, ya ce mafi ƙanƙanta. Ya kwance kafireto a tsakar gida a kan farantin tangaran na Hajiya, ya sa sabon jet, ya haɗa, ba abin da ya yi saura sai wansha guda. Allura ta kwanta. Ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Daga nan marigayiyar ta shiga jinya sosai. Maganarta uku ta safe ta zama bakwai, ta zama goma sha biyu. Ta fara tari, tuf, tuf. Wata safiya ta saki wata ƙara, tas, har wani maƙwabci ya ruga ya kunna rediyo ya ji ko an fara kiɗan soja. Idan an ɗora mata kaya ko ta zo hawa, sai a ji ƙas-ƙas-ƙas daga cikinta, kamar tsakuwa a gwangwani. Allurar zafi, wadda shekara ashirin da huɗu ba ta wuce tsakiya ba, ta fara leƙa ja. Malam yana da allura biyu ke nan, ɗaya na cewa lafiya, ɗaya na cewa ba lafiya, sai ya gaskata wadda ya saya. Ciwon kan Hajiya kuwa yana nan daram. Ita da kanta ta dawo kujerar gaba, ta sauke gilashi, ta warke a rana ɗaya. Ba a shigar da wannan cikin sakamakon bincike ba, domin ba da na'ura aka samo shi ba.

Asabar biyu suka wuce, Malam bai je benci ba. Ya ce yana da uzuri. Uzurin shi ne zagaya motar da tiyo.

Ranar ƙarshe an tafi ɗaurin aure Haɗeja, mutum biyar, da buhun shinkafa biyu a but. Ruwa bai sauka ba a makon, rana kuma ta fito da niyya. A tafiya ta yi ƙas-ƙas, Malam ya ƙara muryar rediyo. A dawowa allurar zafi ta shiga ja ta zauna. An tsaya sau biyu an ba ta ruwa. Ta shigo Kano tana jan jiki, ƙarfinta ya ragu, wani shuɗin hayaƙi na bin ta, irin wanda ba ya buƙatar na'ura. Hanyar gida ta bi ta gefen Sabon Gari. Daga mahaɗar da suka tsaya zuwa gindin dalbejiya bai fi tafiyar minti uku ba, kuma Asabar ce, Augustine na nan. Hajiya Yakaka ta dube shi ta ce, "Malam, ga kwanar nan." Ya ce ya gani. Ya tuna bencin a cike yake a irin wannan lokacin. Ya miƙe hanyar gida, bai yi kwanar ba.

Ta kawo su gida. Wannan a rubuta shi cikin halayenta. A ƙofar gida ta yi duf, ta yi shiru, ta sake yin duf, sannan wani dogon fuuu. Malam ya murɗa mukulli. Kirr, kirr, kirr. Ba ta amsa ba.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, domin maƙwabta sun fara zuwa da kansu, wasu da gaske, wasu don su ga yadda sufeto ke zaman makoki. Ba su gani ba. Mai makokin bai zauna ba. Ya buɗe bonet, ya rufe. Ya shiga gida, ya fito. Ya kwance fulogi huɗu ya jera a kan dakali: uku farare fat kamar alli, na huɗu bakinsa ya narke. Ya leƙa ramin da tocila, ya ga haske na wucewa ta inda ya kamata a ce kan fistin ne, wato zafi ya huda cikin injin. Ya mayar da fulogan, ya sake kwance su, ko za su canza magana. Ranar Litinin ya hau acaɓa karon farko a rayuwarsa, riƙe da hula da hannu ɗaya, ya kai littafin wurin wani abokin karatunsa na jami'a da ya yi kwas a Jamus. Abokin ya sa tabarau ya karanta. Layin da ya ce ɗaya na sababbin motoci ne masu kwamfuta a ciki. Layin sa'o'in Baturiya yana can ƙasan shafi, kuma huɗu da rabi ne. Wato Augustine ya zarce da ɗaya, Malam ya gaza da uku. Yini guda Malam ya yi yana riƙe da wannan ɗayan kamar wanda ruwa ya ci ya kama reshe. Ya lissafa shi a tsaye, ya lissafa shi a tafe. Da magariba ya sake shi.

Marigayiyar ta rasu ta bar mai gidanta, Malam Kyari, wanda yanzu ya san kuɗin acaɓa daga Kwaciri zuwa ko'ina. Ta bar Hajiya Yakaka, wadda ba ta ce ai na faɗa ba. Ta bar Sharifa da ƙannenta huɗu, waɗanda duk a cikinta aka kai su makarantar kwana da akwatin ƙarfe a sama. Ta bar safaya ɗaya, da jak, da jarkoki biyu na zamanin wahalar mai, waɗanda iyalai suka yanke shawarar ajiyewa har a ga kamun ludayin farar hula. Ta bar matan layi uku masu juna biyu da suka riga suka sa ta cikin lissafin zuwa asibiti. Na'urar awon tana nan cikin ƙoshin lafiya, ba a same ta da laifin komai ba, abin da ta gani ta faɗa. Ta kuma bar Oga Augustine, wanda ya fi kowa cancantar a yi masa ta'aziyya, wanda kuma shi kaɗai ne ba a je an gaya wa ba.

Ba don ba a yi niyya ba. Sau uku cikin kwana biyu Malam ya isa kwanar layin garejin. Sau uku ya tsaya a shagon da ke kwanar, ya sayi bokitin roba, ya juya. A na ukun ne ya ji murya a bayansa.

"Baban Sharifa, bokiti nawa gidanku ke ci a mako?"

Bridget ce, da kwandon cefane. Ya gaishe ta, ya tambayi yara, ya tambayi jikoki, ya tambayi ruwan sama. Ta bar shi ya ƙare.

"Ya ji tun ranar," in ji ta. "Wani mai tasi ya gaya masa. Bai tambayi me ya same ta ba, cewa ya yi a ina ta tsaya. Da aka ce ƙofar gida, sai ya ce, ashe ta nan ta wuce. Tun daga nan abinci sai na yi da gaske."

"Maman Chinenye, ki gaya masa..."

"A'a. Ni ba 'yar aike ba ce. Da za ka kira shi mai algus, ni ka aiko? A gaban mutane ka faɗa, a gaban mutane za ka kwashe abinka. Kawo bokitin, ni ina da amfaninsa."

Saboda haka, ban da sanar da rasuwa, ana sanar da jama'a abin da ke tafe, musamman waɗanda ke kan benci ranar Asabar biyar ga Yuni, har da mai tari. Ba tsufa ne ya kashe Baturiya ba, ba kuma mugun mai ba ne. Malam Kyari Modu ne ya kashe ta, da hannunsa, da sukundireban aro. Oga Augustine bai taɓa tauye masa mudu ba. Shekara ashirin da huɗu yana cika masa har yana tozo, shi kuwa ya zo da darma ya ɗaure. Malam ya janye maganar da ya yi, ya kuma roƙi gafarar wanda ya yi wa. An buga kwafi arba'in na wannan takarda. Za a liƙa ɗaya a jikin dalbejiya, ɗaya a teburin mai shayi, ɗaya a tashar tasi, sauran a raba wa duk wanda ya iya karatu ko yake da mai karanta masa.

Game da jana'iza, malamai sun yi bayani tun kafin a tambaye su cewa ƙarfe ba a yi masa salla. Masu sayen tsofaffin ƙarafa da suka fara zagaya layin tun ranar Lahadi, ana gode musu da kulawa, ana kuma roƙon su daina jingina da marigayiyar. Niyyar iyalai ita ce kada kowa ya kwance mata ko noti ɗaya sai wanda ya saba, in ya yarda. In bai yarda ba, za ta zauna a ƙofar gida, mai ita kuma ya ci gaba da zagaya ta.

Kafin a kai takardar nan wurin bugawa, an ba Bridget kwafin hannu, ta ce ba ta yi alkawarin komai ba. Jiya da hantsi ta aiko da amsa a bayan takardar, da rubutun Augustine, da tambarin babban yatsa na baƙin mai a gefe. An kwafe ta yadda take:

"Sufeto, na karanta. Hausarka ta yi yawa. Wa ya ce maka ta mutu? Wanda ya yi kisa ba shi ke ba da takardar mutuwa ba. A kawo ta Asabar in gani da idona. Kada a ja ta da igiya, bambar gaba ba ta da ƙarfi. A tura. Kada ka ƙara taɓa komai. Kada ka zauna a sitiyari."

Bisa wannan, za a ɗauki marigayiyar, ko majinyaciyar, daga ƙofar gidan Malam Kyari da ke Kwaciri ranar Asabar, uku ga Yuli, da ƙarfe takwas na safe, kafin rana ta yi zafi. Za a bi ta Fagge a shiga Sabon Gari. Ana buƙatar majiya ƙarfi shida, da direba ɗaya mai haƙuri. Mata za su iya tsayawa a gida. Masu son yin ta'aziyya a hanya kada su nemi mai makokin a cikin mota. Yana baya, tsakiyar masu turi, wajen salansa.